Wasiƙa kan rabon da uba ya yi a Luka 15:12

Aboki na ƙwarai,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da fatan zafin Maraɗi ya yi sauƙi. Saƙonka ya iso, inda ka tambayi ma'anar rabon dukiya da uban ya yi wa 'ya'yansa biyu a misalin ɓataccen ɗa da Yesu ya bayar. Ga amsar tambayarka kafin ranar wa'azin naka.

A Helenanci, wato harshen Girka, jimlar da ke maganar rabon ita ce "dieilen autois ton bion". Dieilen na nufin ya raba, aikatau ne mai nuna abin da ya faru ya wuce, an yi an gama. Amma inda nake so ka tsaya shi ne autois. Jam'i ne, wato "musu". Ƙaramin ne ya roƙa, ya ce a ba shi rabon da zai faɗo masa, amma da uban ya tashi rabo, su biyun ya raba wa. Masu wa'azi da yawa kan tsallake wannan, sai su nuna wan kamar wanda aka bari hannu rabbana. Ni ban yarda ba. Bisa Maimaitawar Shari'a 21:17 ɗan fari na da riɓi biyu, don haka in 'ya'ya biyu ne, kashi biyu cikin uku nasa ne. Shi ya sa da uban ya ce masa a aya ta 31 "duk abin da nake da shi naka ne", gaskiyar lissafi ya faɗa masa.

To ta yaya uban yake ci gaba da ba da umarni a gidan, a kawo riga, a sa zobe, a yanka ɗan maraƙin da aka yi kiwo? Mishna, littafin dokokin Yahudawa da aka harhaɗa wajen shekara ta 200, ta yi maganar uban da ya rubuta wa ɗansa dukiya tun yana raye. Uban ba zai sayar ba don ya riga ya rubuta, ɗan ma ba zai sayar ba don tana hannun uban, kuma uban ne ke cin amfaninta har ya mutu. Mishna ta zo bayan zamanin Luka, kada ka ɗora mata nauyi da yawa, amma ta dace da labarin. Tana kuma nuna girman ɓarnar ƙaramin, wanda ya tattara nasa ya yi gaba uban na zaune. Mu ma a nan, kafin mutuwa kyauta ake cewa, ba a kiransa gado.

Bion kuwa daga bios take. Yaron ya ce ousia, dukiya, Luka ya ce bios, abin zaman gari. Ita ce kalmar da ke Markus 12:44 kan gwauruwar da ta zuba 'yan kuɗinta biyu, iyakar abin da take rayuwa da shi. Da yake bios na iya nufin rayuwa, wasu kan ce uban ya raba ransa ne. Zancen na da daɗi a bagade, amma ka yi hattara, domin a aya ta 30 wan ya yi amfani da kalmar nan kan dukiyar da aka cinye da karuwai. Marubucin na iya sauya kalma ne kawai.

In ka gama shirya wa'azin, ka turo mini in duba. A gai da uwargida da yara, da dattawan ikilisiya.

Naka,
Abokinka daga Jos