Barin ubangida ba butulci ba ne in an yi sallama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida in yi magana kan abin da ya tsaya min a rai, wanda na san ba ni kaɗai ya dama ba a ƙauyukanmu na Kura da Bunkure da Garun Malam.

Sana'ata aikin injin casar shinkafa. Tun ina saurayi nake ƙarƙashin wani Alhaji a garinmu. Da kwasar ɓuntu na fara, har na kai in kukan injin ya sauya na san ko bel ne ya saki ko rariya ce ta fashe. Kwanan nan wani kamfanin shinkafa da ke rukunin masana'antu na Challawa ya neme ni aiki, da albashin wata wanda ya ɗara naira 70,000 ɗin da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi. Ban ko ce na karɓa ba magana ta zaga gari, har wani ya ce a majalisa wai na ci na ƙoshi zan yi wa Alhaji butulci.

Allah ne shaidata, ba ni da abin faɗa a kan Alhaji sai alheri. Da zan yi aure shi ya cika min sadaki. Ranar da haihuwa ta zo wa maiɗakina da gardama, motarsa ce ta kai ta asibiti cikin dare, kuma bai taɓa tayar min da zancen kuɗin ba. Duk azumi akwai gero da sukari. Babu kamfanin da zai rubuta waɗannan a takardar ɗaukar aiki, kuma wanda ya ce ba su da nauyi bai san zaman ƙauye ba.

To amma bisa buhu ake biyana. Da kaka, da kuma lokacin girbin rani, injin ba ya hutawa, aljihu ma ya yi nauyi. In damina ta yi nisa shanshera ta ƙare a hannun mutane, sai mu wuni muna kallon hanya, ga kuɗin man gas da ke cinye ribar ɗan aikin da ya shigo. Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Duk abin da ke tsakanina da Alhaji a baki yake. Alhaji ya manyanta, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, amma rai na Allah ne. Na ga yadda ta kaya a wani garin kusa da mu: maigida ya rasu, injin ya faɗa cikin gado, magada suka sayar, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a gindin injin ya koma dako a kasuwa da furfura a gemu. Ba wanda ya zalunce shi a shari'a, don ba ɗan gida ba ne, ba shi da kaso. Haka kawai ya tashi a tutar babu.

A da iyayenmu sun san maganin wannan. Yaro zai yi wa ubangidansa hidima shekaru, in lokaci ya yi a kira dattawa, a yaye shi, a ba shi jari ko rumfa, a sa masa albarka. Har yanzu ana samun masu yin haka a Kantin Kwari da Dawanau, kuma su ne za ka ji yaransu na yi musu addu'a bayan ransu. Yanzu da yawan iyayengida sun riƙe rabin al'adar sun saki rabi. Biyayya da riƙon amana suna nan ana nemansu wurin yaro, amma zancen ranar sallama ba a tayar da shi, in yaro ya tayar a ce ido ya buɗe. Doka ma ba ta leƙo irinmu sosai, domin dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, mu kuwa a injin ba mu cika yatsun hannu biyu ba.

Ba wai kamfanin aljanna ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, zuwa Kano da dawowa kullum zai lashe babban kaso na albashin, in kuma na tare can ga haya, ga sayen ruwa, ga barin iyali. Akwai ɗan filin mahaifina da ke shan ruwan madatsar Tiga, inda nake noman rani, wanda aikin dare da rana na kamfani ba zai bar ni in kula da shi ba. Sannan masana'antun nan da suka yawaita bayan rufe iyakoki a 2019 su ma suna da nasu ciwon. Da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, har da shinkafa, kowa a harkar nan ya ji a jikinsa. In kamfani ya rage aiki, wanda aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila shi ake fara cewa ya zauna a gida, ba tare da ko sannu ba. Alhaji kuwa bai taɓa korata don kasuwa ta faɗi ba.

Shi ya sa na ce wa mutanen kamfanin sai na ga takarda, a rubuta albashi, a rubuta sa'o'in aiki, a bayyana ko ni ma'aikacinsu ne kai tsaye, kuma ko za a riƙa zuba min fansho, wanda doka ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8 kamfani ya sa kashi 10. Ina ba duk ɗan'uwan da aka yi wa irin wannan tayi shawara kada ya ajiye na hannunsa bisa alkawarin waya.

Da takardar ta zo, ban aika wa Alhaji saƙo ba, ban kuma bari ya ƙarasa ji a majalisa ba. Na ɗauki ƙanin mahaifina muka same shi bayan sallar isha'i. Na durƙusa na ce, "Alhaji, kai ka koya min abin da ya sa ake nemana, ba zan ɗaga ƙafa ba sai ka sa min albarka." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni wa zai riƙe injin. Tambayar tana kan hanya. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya shekara biyar ko fiye a wuri ya ba da sanarwar wata guda kafin ya tafi, amma wata guda bai isa yaron da ke taya ni ya iya saita injin yadda ba zai riƙa karya shinkafar mutane ba, kuma barin Alhaji ana gab da girbi zalunci ne ko doka ta halatta.

Mun tsaya a kan zan zauna har a gama casar kaka, in horar da yaron, sannan ya sallame ni a gaban dattawa. Na rubuta wa kamfanin na roƙi su jira ni zuwa lokacin. In sun jira, zan tafi, ƙanena ya riƙe min gonar rani. In sun ce ba za su iya ba, zan haƙura da aikin, amma zan koma wurin Alhaji da ƙanin mahaifina mu yi maganar jari da ranar da zai yaye ni, a rubuta, shaidu su sa hannu.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga ƙaramar hukumar Kura, Jihar Kano