A bar Damagaram ta gwada nata

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka kan wata magana da ta zama ruwan dare a fadodin shayi na Damagaram, wai Sinawa sun ci gaba ne don Beijing ke yanke komai, sauran ƙasa ta ce to. Ni ɗan kasuwa ne, kayan koli nake sarowa daga garin Yiwu na ƙasar Sin, kuma tarihin garin kansa ya ƙaryata wannan zance.

Yiwu gari ne mai ƙarancin ƙasar noma a lardin Zhejiang. Talakawansa sun saba yawo ƙauye-ƙauye da ɗan ganga a hannu, suna ba da mazarƙwaila a ba su gashin kaji, su kai gona a matsayin taki. A zamanin mulkin Mao sayar da kaya don ribar kai laifi ne. A 1982 shugaban jam'iyyar kwaminis na gundumar, Xie Gaohua, ya ɗauki kasadar halatta kasuwar ƴan maɓalli da allura da zare. Ba daga sama umarnin ya zo ba. Na sama sun zuba ido, suka ga abin yana ciyar da mutane, suka ƙyale shi. Yau rumfunan kasuwar sun haura dubu 70, kuma tocilan da kwanonin da ke cike da Kasuwar Dole da yawansu daga can suka fito.

Gaskiya ne Beijing ke riƙe da linzami. Tun 1953 suke aiki da shirin shekara biyar-biyar. Manyan jam'iyya su faɗi inda aka dosa, hukumar tsara ci gaban ƙasa ta zauna da ma'aikatu da larduna ta rubuta, majalisa ta amince a watan Maris. Daga nan kowane lardi da kowane birni ya tsara nasa daidai da abin da yake da shi. Kuma kafin a shimfiɗa sabuwar doka a ƙasa baki ɗaya, sau da yawa sai an gwada ta a wuri ƙalilan. A 1980 aka ware Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen, aka sassauta musu haraji, aka bar su su jawo jarin waje. Da aka ga amfani, a 1984 aka buɗe wasu birane 14 na bakin teku.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suka waiwayi yankunan da aka bari a baya, don mu nan mun san ciwon nisa da babban birni. A 1996 aka ɗaura wa lardin Fujian mai arziki nauyin Ningxia mai fari da ƙarancin ruwa, da kuɗi da ma'aikata da masana'antu. A 2000 aka soma babban shirin raya yammacin ƙasar, wanda ya kai jirgin ƙasa har Lhasa, babban birnin Tibet, a 2006. Shi kuwa mai mulkin gunduma ya san ƙarin girmansa na rataye da abin da ya samar a ƙasa.

Ba na cewa tsarin ba shi da illa. Tun gyaran haraji na 1994 Beijing ta ɗauki kaso mafi tsoka, ta bar wa ƙananan hukumomi yawancin ɗawainiyar makarantu da asibitoci. Sai suka koma sayar da izinin filaye da cin bashi, wasu suka gina unguwannin da ba kowa a ciki don alƙaluma su yi kyau. Wannan kam kada Allah ya nuna mana.

To mu fa? Matatar mai tana ƙasarmu tun 2011, tana iya tace ganga dubu 20 a rana, kuma doka ta tanadi kashi 15 cikin ɗari na kuɗin mai ga yankunan da abin ya shafa. Amma duk da haka fatunmu ɗanyu suke tsallaka iyaka zuwa Kano, raken Matamaye a gefen hanya ake shanye shi, waken Mirya da riɗin Magarya a buhu suke fita ba a sarrafa ba. Ka je majema ka ga dattijo tsugune cikin ruwan bagaruwa, hannunsa ya rine, yana jiran mai kura ya kawo jarka. Wannan mutum ya fi duk wani mai ofis sanin abin da ke hana sana'arsa girma, kuma ya kamata a tambaye shi.

Roƙona ga hukumomin Yamai da na jaharmu shi ne a zaɓi sana'a guda, ni dai fata zan ce, a ba Damagaram shekara uku ta gwada. A rage wa majema da dukawa fatanti, a ja musu ruwa da wuta, a bar mahukuntan jaha su yanke ƙananan shawarwari ba sai takarda ta yi tafiyar kilomita 900 ta dawo ba. Kowace shekara a karanta a rediyo, da Hausa da Barbarci, nawa aka kashe da matasa nawa suka samu aiki. In ya yi kyau a kai Maraɗi da Tawa, in bai yi ba a faɗa mana dalili a sake dabara.

Naka,
Wani ɗan koli, unguwar Zango, Damagaram