Wasiƙa daga Heg: yadda ake taka jigayin bakin teku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙanena, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Inna da Baba da sauran mutanen gida. Na ji takardun makaranta sun kammala, saura biza. Allah ya sa a dace. Ka tambaye ni abin da mutum zai riƙa yi da ranakun hutu a nan wanda ba zai cinye masa guzuri ba, Inna kuma ta ce a tambaye ni ko da gaske ne teku ya fi garin tudu. Amsar duka biyun tana kan yashin da ke tsakanin birnin Heg da teku, shi ya sa na haɗa su. Ka karanta wa Inna farkon, sauran ka adana har ka iso.

Inna, da gaske ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Holan teku ya fi shi bisa. Amma ki kwantar da hankalinki, a wannan gaɓar akwai jigayin yashi da suka tokare ruwan, irin waɗanda ake gani wajen Yusufari ko Maine-Soroa. Bambancin shi ne a can mutane kafa shingen kaba suke yi don kada yashi ya binne musu gona da dausayi, a nan kuwa yashin ake lallaɓawa kada ya tafi, domin shi ne ganuwar gari. Sun ga abin da ruwa yake iyawa: ambaliyar 1953 ta ci rayuka 1,836 a kudu maso yammacin ƙasar. Shi kansa Scheveningen, garin masunta da yanzu ya zama unguwar bakin teku ta Heg, ambaliyar 1570 ta share rabinsa. Tsohuwar majami'arsu da a da take tsakiyar gari, yau ita ce a bakin ruwa.

Abin da ke riƙe yashin wata ciyawa ce mai kama da gamba, suna ce mata helm. Da hannu ake dasa ta layi-layi a kan jigawar da ke fuskantar teku. Yashi yana binne ta tana ƙara tsiro, saiwarta tana ɗaure tudun ta ciki, amma ba ta jure taku. In ƙafafu suka kashe ta, iska ta sami ƙofa, sai ta riƙa kwasar yashin har rami ya buɗe. Dalilin wayar da za ka gani an kewaye jigayin da ita ke nan. Ba a tsallake ta, ko don ɗaukar hoto, ko don yanke hanya. Ma'aikatan gandun suna da ikon cin tara, kuma suna ci.

Akwai dalili na biyu, shi ne ruwan sha. Tun 1874 Heg take ɗebo ruwa daga ƙarƙashin jigayin Meijendel da ke arewa da gari, hasumiyar ruwan da aka gina a shekarar tana nan tsaye a gefen Scheveningen. Da aka ga ana ɗiba fiye da abin da sama take zubarwa, ruwan gishiri yana neman tasowa, sai daga 1955 aka fara turo ruwan kogi ta bututu ana zubawa a tafkunan cikin jigayin. Yana tsatsafowa cikin yashi kamar wata biyu, a zuƙo shi, a ƙara tacewa, sannan ya shiga famfo. Kamfanin Dunea ne ke kula da aikin da kuma wurin, yana shayar da mutum wajen miliyan 1.3. To tafkin da ka gani a can, ruwan da za ka sha ne a ɗakinka. Ba a wanka ciki, ba a wanke ƙafa, ba a alwala a bakinsa.

Yanzu ga tafiyar. Hanya biyu ce, ka fara da ƙaramar.

Ta farko daga Kijkduin, unguwar bakin teku ta kudancin Heg, zuwa Scheveningen ce, ta cikin gandun jigayin da ake kira Westduinpark. Ka hau bas zuwa Kijkduin, ka dawo da ƙafa, kada ka juya tsarin. Iskar nan mafi yawan lokaci daga kudu maso yamma take busowa, in ka taso daga Kijkduin tana bayanka tana tura ka. Wanda ya fara daga ɗaya ɓangaren yashi zai riƙa dukan fuskarsa, ya gaji tun bai kai rabi ba. Da safe dai ka duba hasashen yanayi a waya, in iskar ta juya arewa kai ma ka juya. Daga Kijkduin zuwa tashar jiragen kamun kifi kamar kilomita 4 ne, daga can zuwa doguwar gadar da ta shiga teku kusan 3, sai ɗan ƙarin zagaye tashar, tunda ba a ƙetare bakinta. Ka ware awa biyu da rabi har da hutu. In gajiya ta kama ka a tsakiya, taram (ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari) mai lamba 12 yana tashi daga unguwar Duindorp, lamba 11 daga wajen tashar jiragen, lamba 1 da 9 kuma daga arewacin gaɓar. Katin banki ya isa biyan kuɗin mota: ka taɓa shi a jikin na'ura in ka shiga, ka sake taɓawa in za ka sauka. Sabon zuwa yakan manta na biyun, sai a cire masa fiye da kuɗin tafiyarsa.

Ta biyu ta fi tsawo. Ka sauka a ƙarshen layin taram 1 ko 9, wurin da ake kira Zwarte Pad, ka shiga Meijendel ka nufi arewa. Wanda ya ga yana da ƙarfi zai iya zarcewa har garin Katwijk, kilomita 13 zuwa 14, ya hau bas zuwa Leiden ya dawo ta jirgin ƙasa. Wanda bai shirya haka ba ya tsaya a tsakiya, inda akwai cibiyar baƙi mai suna De Tapuit da gidan abinci, daga nan akwai gajerun hanyoyi masu zagayowa da aka yi wa alama da turaku masu launi. Launin da ka ɗauka shi za ka bi har ƙarshe. In ka ga fenti fari da ja, ɗaya bisa ɗaya, a jikin turke ko itace, alamar doguwar hanyar gaɓar ƙasar ce, ba ta zagayowa inda ka taso. Mutane da yawa a nan suke ɓata, su bi fari da ja suna zaton za su koma wurin taram.

Abu ɗaya gara ka ji daga bakina: arewa da Zwarte Pad, da wani yanki na gaɓar kudu daura da Westduinpark, akwai inda doka ta yarda mutane su zauna tsirara. Akwai allo, kalmar da za ka gani ita ce naaktstrand. Lokacin zafi, in ka kusa wurin, ka bar bakin ruwa ka bi hanyar cikin jigayi har ka wuce.

Hanyoyin ciki kala-kala ne, kuma kowace da mai ita. Mai farin ɓawon katantanwa da aka niƙa ko tubali ta masu ƙafa ce. Mai kwalta sumul galibi ta masu keke ce, suna gudu, ba sa tsammanin ganin mutum a tsakiya, ka riƙe gefe. Mai yashi a tattake da sawun kofato ta dawakai ce, ka bar musu. Lissafin lokaci kuma ya danganta da abin da kake takawa: a hanya mai tauri kilomita 5 a awa, a busasshen yashi da ƙyar ka yi 3, ga ciwon sha-raɓa washegari. Saboda haka in za ka bi bakin ruwa, ka nemi lokacin da teku ya janye. Sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a yini da kwana, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, shi ya sa kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Jadawalin yana intanet. Awa biyu kafin ƙarshen janyewa zuwa awa biyu bayansa, jiƙaƙƙen yashi yana yin tauri kamar daɓe. Ka dai lura da kwarin da ke tsakaninka da tudu, domin in ruwa zai dawo shi yake fara cikawa ta bayanka, kana kan tsibirin yashi ba ka sani ba.

Shiga ruwan kuwa, ina roƙonka ka bar shi. Iyon kududdufi da na rafi ba ya aiki a nan. Tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa akwai mashigai da ruwa ke komawa teku da ƙarfi, suna kiransu mui, kuma daga sama wurin ne ya fi kama da kwanciyar hankali saboda igiya ba ta fashewa a kansa. Kusa da jerin duwatsun da aka shimfiɗa cikin ruwa da bangon tashar jiragen ma haka yake. Jar tuta tana nufin kada kowa ya shiga, rawaya tana nufin akwai haɗari. Ko a watan Agusta ruwan bai cika wuce digiri 19 ba, da hunturu yana sauka wajen 6. In ka ga wani cikin matsala ka kira 112, ka faɗi lamba ko sunan da ke kan turke ko allon mashiga mafi kusa, da shi za su gane wurin. Kudu da Kijkduin akwai Zandmotor, yashi mita kubik miliyan 21.5 da aka zuba a 2011 don iska da igiya su riƙa rarraba shi a gaɓar. Ya cancanci gani, amma a gefen tafkinsa yashi yakan yi laushi ya riƙe ƙafa, ka bi abin da allunan suka ce.

Kaya: kambas mai kauri wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, da safa mai tsawo. Silifa ba ta yi, sabon takalmi kuma bororo zai fitar maka. Da ka ji yashi ya shiga, tsaya ka zazzage nan take, 'yan ƙwayoyin nan su ke goge fata. Riga biyu ko uku marasa nauyi sun fi ƙatuwa guda, ta saman ta zama mai tare iska da ruwa. Lema ba ta da amfani, iska za ta juya ta. Ruwa lita ɗaya da rabi, shayi a fulas, dabino ko gyaɗa. Banɗaki babu a cikin jigayi sai a gidajen abinci, wasu ana biya, yawancin rumfunan bakin ruwa kuma kwashe su ake yi in kaka ta wuce sai bazara.

Kaska ita ce abin da na fi so ka kiyaye. Ba irin ƙatuwar da muke cire wa shanu ba ce, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, wata ma ba ta kai ba, cizonta kuma ba ya zafi. Daga Maris zuwa Oktoba tana maƙale a ciyawa da ƙananan itatuwa. Kusan ɗaya cikin biyar tana ɗauke da ƙwayar cutar Lyme. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, in ka koma gida ka duba bayan gwiwa, matsematsi, hammata, bayan kunne da ƙugu. In ka same ta, kama ta da matsefata dab da fata ka ja a hankali, miƙe. Kada ka shafa mata mai ko kananzir, kada ka ƙona ta. Ka rubuta ranar da wurin. In ta wuce awa 24 a jiki, ko jan tabo ya fito yana faɗaɗa cikin makonnin da suka biyo, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka je wurin likita ka gaya masa kaska ce, don kada kai da kanka ka ɗauka maleriya ce ta taso.

Za ka tarar da shanu masu dogon gashi da dawakai suna kiwo babu makiyayi. An sake su ne su cinye ciyawa da ƙaya don kada jigayin su rufe. Duk sabonka da dabba, waɗannan ba su san sanda ba, ka bar mita 25 tsakaninku, kada ka ba su abinci, kada ka ratsa tsakanin uwa da ɗanta. Akwai zomaye da dila da wata irin barewa. A watan Mayu, da sassafe, kukan tsuntsayen Meijendel kaɗai ya isa dalilin fita. Da kaka kuma wata ƙaya mai suna duindoorn tana cika da 'ya'ya masu launin ruwan lemo.

A gefen Meijendel ta wajen gari akwai fili mai suna Waalsdorpervlakte, inda sojojin Jamus suka harbe mutum sama da 250 lokacin yaƙin duniya na biyu. Akwai ƙatuwar ƙararrawa da ake kaɗawa duk 4 ga Mayu. In ka bi ta nan ka sassauta murya. Ba nisa da wurin ginin kotun duniya ta manyan laifuka, ICC, yake, wadda kuke ji a rediyo.

Salla ba ta da wuya. Gaɓar ta miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, don haka in ka juya wa teku baya sosai ka ɗan karkata hagu, ka fuskanci alƙibla. Ruwan teku mai tsarki ne, ya halatta a yi alwala da shi, sai dai da sanyi gara ka fito da alwalarka. Lokaci ne abin lura: a Yuni rana tana kaiwa ƙarfe 10 na dare, a Disamba 4 da rabi ta faɗi, azahar da la'asar suna matse da juna. Meijendel daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ake shiga, babu fitila ko ɗaya a ciki, da hunturu ka fito kafin 4.

In ka iso tashar jiragen da yunwa, ka sayi kibbeling, soyayyen kifi ne gutsi-gutsi. Akwai kuma kifin herin ɗanye mai gishiri da albasa, wanda sabonsa yake fitowa a Yuni, ka ɗanɗana ɗaya tukuna kafin ka sayi biyu. Ka ci a ƙarƙashin rumfa, tsuntsayen teku suna fizge abinci daga hannu. A gidan fanke kuma, duk inda ka ga an rubuta spek ko ham, naman alade ne.

Ka taho da kambas ɗinka daga gida, ya fi araha a can, ka fara taka shi tun yanzu. Ka gaishe min da Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a. Inna a ƙara haƙuri da rashinmu. Ka gaida Yaya da yaranta, da Kawu, da duk wanda ya tambaye ni. Da ka sami ranar tashi ka sanar da ni.

Wassalam.
Naka, yayanka.