Wasiƙa daga Toja

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Baba da Inna. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kun ji ni shiru kwana biyu, ku yi haƙuri. Aikin koyon likitancin dabbobi ne ya kai mu wata gunduma da ake kira Toja, a arewa maso gabashin Tuva, can cikin Rasha kusa da Mongoliya. Da zarar mutum ya bar garin Toora-Khem ya shiga daji, waya ta zama abin duba lokaci kawai.

Baba, ka tambaye ni yawan mutanen wurin. Faɗin gundumar ya kai murabba'in kilomita 44,800, wato ya ninka jihar Kano sau biyu har da ɗoriya, amma mutanenta duka ba su kai 7,000 ba. Sai ka wuni kana tafiya ba ka ga hayaƙin kowa ba, itatuwa ne kawai da koguna da tafkuna. Babban tafkinsu Azas, tun 1985 gwamnati ta keɓe dajin da ke gefensa. 

Dabbar da muka je dubawa wata irin barewa ce, mace da namiji duk suna da ƙaho. Ana hawanta, ana ɗora mata kaya, ana tatsarta. Sirdin can wajen kafaɗa ake ɗaura shi, don bayanta ba ya ɗaukar nauyin babban mutum. Na ga wata dattijuwa tana tatsa a ɗan kofi, nonon kaɗan ne amma kauri gare shi, ta zuba a shayi ta sa gishiri. Inna, gishiri fa, ba sukari ba! Yanzu har ƙari nake nema.

Da zafi ya shigo sai makiyayan su haura kan duwatsu da garkensu, don sauro da ƙudan ƙasa ba sa barin dabba ta yi kiwo. Sun tuna mini da Fulanin da ke sauka bayan gonarmu, sai dai su a nan ba rigimar burtali, tunda ba manomin da za a yi da shi. Abin da ke damunsu kyarkeci ne da sanyi, da kuma samarin da ke tafiya Kizil, babban birnin Tuva, ba sa dawowa. Dattawa sun ce garken ya ragu sosai bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da gidajen kiwo na gwamnati suka watse. A ganina maganin da muke kawowa ba zai yi wani tasiri ba idan babu yaron da zai gaji kiwon.

Inna, kada ki damu da batun abinci. Ba sa yanka irin namu, shi ya sa na tsaya a kifi da burodi da madara, kuma ba wanda ya taɓa matsa mini. Sallah ce ke buƙatar lura, don rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, kafin ka runtsa asuba ta yi.

A gaida Kawu da Goggo. A ce wa Yaya idan mai zuwa Mosko ya samu, ya ba shi yaji da kuka ya taho mini da su. Auta kuma ta dage da karatu, ina jiran sakamakonta.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

Naku,
Ɗanku