A duba fayil ɗin soja kafin a sallame shi

Malam Edita,

Kula da lafiyar tsohon soja haƙƙinsa ne a wuyan gwamnati, amma yawanci wajen takarda ake tauye shi. Soja ya ji rauni a fagen daga, an ɗaure masa a sansani, ba a rubuta a fayil ba. Bayan ya yi ritaya sai a ce ya kawo shaidar cewa a bakin aiki ya same shi. Ina zai samo ta? Kurumta daga ƙarar bindiga da firgicin yaƙi sun fi wuyar tabbatarwa, don sukan bayyana a makare.

Amurka ta sassauta sharaɗin kawo shaida da dokar PACT ta 2022: wanda ya yi aiki a Iraƙi ko Afganistan, inda aka riƙa ƙona shara a ramuka, in ya kamu da wasu cututtukan huhu ko daji, ana ɗauka aikin ne sanadi.

Muna kira da a yi wa kowane soja cikakken gwaji kafin sallama, har da gwajin ji, a damƙa masa kwafin fayil ɗinsa. Ga sojan da aka yanke wa ƙafa kuwa, ƙafar roba ba ta dawwama: dungun yana ramewa, ta fara goge fata har gyambo ya fito. A ware kuɗin sauya ta duk shekara 3 zuwa 5.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiya