Lissafi ya kayar da ni, ga gurbin dirar laima ya fito: wanne zan kama a hutun bana?

Assalamu alaikum Malam,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya jama'a. Ta waya nake sauraron shirinka daga jihar Ohayo a Amurka, galibi da dare in na dawo daga aiki. Shekarata 20. Ina ɗan shekara 13 Baba ya kawo mu nan daga Katsina, kuma yanzu na gama shekara ta biyu a jami'a ina karanta injiniyancin hanyoyi da gadoji.

Bari in ɗan yi bayani, don na san abin da nake ciki bai yi kama da na gida ba. A gida mai son zama hafsa NDA yake nufa a Kaduna, ya tare can gaba ɗaya. Nan akwai wani tsari da ake kira ROTC, wanda kana jami'arka ta farar hula kana karatunka, kana kuma karɓar horon soja a gefe. Ranar da ka karɓi digiri, ranar ake liƙa maka anini ka zama ƙaramin laftana. Na sa hannu a yarjejeniya da su. Suna biya mini kuɗin makaranta, suna ba ni dala 420 a wata lokacin karatu da dala 1,200 ta littattafai a shekara, ni kuma na ɗauki alkawarin yi musu aiki shekara 8, huɗu daga ciki cikin kaki dare da rana in na samu aiki na dindindin. Wanda ya kasa gama digirinsa, ko dai ya biya kuɗin da aka kashe masa, ko a ɗauke shi kurtu.

To Malam, makon jiya sakamako ya fito, na samu D a darasin lissafi mai suna Kalkulas na uku. Sashenmu ba ya karɓar ƙasa da C a wannan darasi, kuma sai da shi ake barin mutum ya shiga darussa biyu na shekara ta uku. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Ƙarfe 6 na safe muke fita motsa jiki sau uku a mako, ni kuma na ƙara da aikin dare a wani sito, ina loda kwalaye har ƙarfe 1. Ajin lissafin ƙarfe 9 ne. Akwai ranar da na farka a kujerar baya, aji ya watse, malamin yana goge allo, ga biro a hannuna ya ja wani dogon layi daga tsakiyar shafi har ƙasa. Littafin yana nan, duk na buɗe shi sai na ji kunya.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi shi ne hutun bazarar bana shi kaɗai ya rage mini. Na baɗi ba nawa ba ne, domin duk mai shirin shiga shekarar ƙarshe dole ya je babban sansanin horo na Fort Knox a jihar Kentaki, wajen kwana 35, kuma ba kai ke zaɓar ranar tafiya ba. Sai kuma ga wani abu ya faɗo a tsakiya. Tun kafin sakamakon ya fito aka ba ni gurbin makarantar sojan laima a Jojiya, a ƙarshen watan Yuni. Mako uku ne: makon farko a ƙasa ana koyon yadda ake faɗuwa, na biyu a kan hasumiya, na uku a yi dira biyar daga jirgi, a ba ka bajon fukafukai ka manna a ƙirji. Gurbin kaɗan ake ba kowace makaranta. Shekara biyu ina gudu cikin sanyi ina neman sa.

Jami'armu tana koyar da darasin a bazara, mako takwas, daga Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Amfaninsa babba ne, domin in na maimaita a nan, sabon maki zai maye gurbin D ɗin a lissafin GPA, wato matsakaicin makin dukkan darussana. Kuma GPA a wajenmu ba ado ba ne. A shekarar ƙarshe ana jera ɗaliban ROTC na ƙasar baki ɗaya bisa cancanta, makin karatu na da kaso mai tsoka a ciki, wannan jerin kuma yana da tasiri a kan ko za ka samu aiki na dindindin da kuma sashen da za a tura ka. Ni sashen injiniyoyi nake so. Amma tallafina bai haɗa da karatun bazara ba, alawus ɗin wata ma tsayawa yake yi, darasin kuma kiredit huɗu ne, wato ma'aunin nauyin darasi, wanda a jami'a kuɗi ne da ba ni da shi. Ga shi ranakun sun hau kan na dirar laima daidai wa daida.

Akwai kuma kwalejin shekara biyu ta garinmu, minti goma daga gida. Kuɗinta bai kai rabin na jami'a ba, zan iya biya da abin da na tara daga sito ba tare da kowa ya sani ba. Zangonta na farko mako shida ne, zai ƙare saura kwana huɗu in tafi Jojiya. Kamar an yi don ni. Sai dai jami'a kiredit kawai za ta karɓa, in na nemi izini a rubuce tun kafin in fara, D ɗin kuma yana nan daram a GPA. Sannan ina tambayar kaina: darasin da ya kayar da ni a mako 15, shi zan tara a mako 6? In na sake faɗuwa, bazara ta tafi, babu wata.

Mai ba ni shawara a sashen karatu ta ce in ƙara zango ɗaya a ƙarshe, in huta wa raina. Ba ta san cewa muna da takarda mai suna 104-R ba, wadda ke ɗauke da kowane darasi da zan yi har ranar gamawa. Matsar da ranar nan sai da amincewar manya, kuma 'yan ajinmu za su sa anini su bar ni.

Na je wurin kyaftin ɗin da ke kula da ajinmu. Bai yi faɗa ba. Ya ce sojan da ba shi da fukafukai yana zama hafsa, amma wanda ba shi da digiri ba ya zama, kuma in zan saki gurbin in faɗa da wuri a ba na bayana. Abokina kuwa cewa ya yi in kama abin da ke hannu, D ɗaya ba ya kashe mutum. Shi ya samu shirin Project GO, zai je koyon Larabci a kuɗin gwamnati, don haka da sauƙi a bakinsa.

Yanzu ga ainihin abin da ya hana ni barci. Baba bai so shigata wannan harka ba ko kaɗan. Wata uku bai yi mini doguwar magana ba, sai da Kawu ya kira daga gida ya sa baki, kuma sharaɗi ɗaya ya kafa: kada kaki ya taɓa karatu. Yanzu ya sauko har ya wuce inda na zata. Tasi yake ja, kuma hotona da kaki yana maƙale a jikin madubin motarsa. Ranar nan na ji shi yana gaya wa abokinsa a masallaci cewa yaron nan daga jirgi zai diro bana. Bai san da D ba. Umma ma ba ta sani ba, ko da yake jiya ta tsare ni da ido tana zuba mini tuwo, ta ce me ya sa na rame.

In na zaɓi jami'a, dole in je gabansa in ce na karya sharaɗi, kuma ina neman kuɗi, alhali na san yana tara na rufin gidan da yake ginawa a Katsina. Na san zai ba ni, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. In na zaɓi kwaleji, asirina a rufe, ga fukafukai, amma zan riƙa fita kullum da safe ina ce masa aiki na tafi. Ban taɓa yi wa Baba irin wannan ƙaryar ba, kuma ban tabbata dabara nake yi ba ko tsoro.

Malam, wanne ya kamata in ɗauka? Kuma in faɗa wa Baba ne dole, ta ina zan fara? In bi ta wurin Umma, ko in sake kiran Kawu, ko in same shi ni kaɗai bayan sallar isha'i? Ana rufe rajistar kwalejin ranar Juma'a mai zuwa, kyaftin kuma ya ba ni zuwa Litinin. Don Allah in da hali a karanta wasiƙata a shirin wannan makon, kuma a sakaya sunana, don Baba ma yakan kunna shirin a mota.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Ɗanka,
daga Ohayo