Mutum-mutumin kaburburan Masar barori ne, ba gumaka ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rubutun da kuka buga a kan kayan tarihin Masar, inda aka kira ƙananan mutum-mutumin da ake tonowa a kaburbura "gumakan da Fir'auna yake bauta wa". Ina koyar da tarihi a nan Maradi, kuma ina roƙon a ba ni fili in yi gyara, domin waɗannan abubuwa da ake kira ushabti ba don bauta aka sassaƙa su ba. Barori ne.

Mutanen Masar na da sun ɗauki lahira a matsayin wata yalwatacciyar fadama a ƙarƙashin mulkin Osiris, abin bautarsu mai kula da matattu, inda za a iya kiran kowane mamaci ya fito aikin gona, kamar yadda sarki yake kiran talakawansa aikin tilas a duniya. Dattawanmu da suka ga aikin dole na zamanin Faransa, kafin a soke shi a 1946, ba sa bukatar a bayyana musu wannan fargaba. Shi ya sa, tun kimanin shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka fara binne masu hali da wakilan da za su amsa kira a madadinsu.

Wanda ya ƙura wa hoton ɗaya ido zai ga hannuwansa a harɗe bisa ƙirji yana riƙe da fartanya, da ɗan kwando rataye a baya, sai ka ce manomin Gulbin Maradi da ya yi sammako. A jikinsa an rubuta umarni cewa idan aka kira maigida ya nome gona, ko ya shayar da gaɓar kogi, ko ya kwashi yashi daga gabas zuwa yamma, to shi zai ce: "Ga ni."

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lissafinsu. Daga baya cikakken saiti ya kai 401, wato ma'aikata 365, ɗaya ga kowace rana, da masu sa ido 36 riƙe da bulala, don ko a kabari ba su yarda bara zai yi aiki ba mai tsaya masa a kai ba. A kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, an sami 413. Taharƙa kuwa, sarkin tsohuwar daular Kush da ke kudu da Masar, wanda ya mulki Masar ɗin ita ma, an binne shi a Nuri ta ƙasar Sudan da fiye da 1,000.

Ina fatan za ku buga wannan gyara a fitowa ta gaba, saboda ɗalibaina suna karanta jaridarku.

Naku,
Wani malamin tarihi,
Maradi